Yadda Ake Tattara Tarihin Ƙungiyar Wasanni ta Matasa Wadda 'Yan Sa-kai Ke Gudanarwa

Ƙungiyar wasanni ta matasa wadda 'yan sa-kai suke riƙe da ita ba kasafai take da ofishi ba, balle ɗakin ajiye takardu, saboda haka abin da za a kira tarihinta a warwatse yake. Littafin rajista yana gidan tsohon sakatare, hotuna suna cikin wayar wani da ya daɗe da barin gari, kofuna suna kan kabad a ɗakin kocin farko, sauran labarin kuma yana cikin kawunan mutanen da shekarunsu suka ja. Duk wanda ya ɗauki nauyin tattara wannan tarihi ya kamata ya sani tun farko cewa sakamakon wasanni shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin samu. Abin da ke da wuyar samu, wanda kuma ya fi saurin salwanta, shi ne labarin mutanen da suka ba da lokacinsu ba tare da an biya su ko sisi ba: wanda ya roƙo filin, wanda yake zana layi da sassafe kafin yara su iso, wadda take wanke rigunan wasa, da wanda yake kai yara wasan waje a motarsa da mansa. A ganina, tarihin da ya jero kofuna ya bar waɗannan mutane a waje bai amsa sunan tarihin ƙungiyar sa-kai ba.

Kafin a fara komai, a nemi amincewar kwamitin da ke shugabanci a yanzu, kuma a tabbatar an rubuta wannan amincewa a bayanan taro. Mutane sun fi sakin jiki su fito da takardunsu idan sun san aikin na ƙungiya ne, ba sha'awar mutum ɗaya ba. Mutum biyu ko uku sun isa aikin, kuma yana da kyau a sa matashi guda a cikinsu wanda ya iya waya da kwamfuta, tare da dattijo guda wanda tsofaffin 'yan ƙungiya suke jin nauyinsa.

A fara da mutane

Takarda za ta iya jira shekara ɗaya, amma dattijon da ya haura saba'in ba lallai ya jira ba, don haka hira da tsofaffi ita ce aikin farko. A zauna a rubuta sunayen duk waɗanda aka san sun taɓa yi wa ƙungiyar hidima, a jera su bisa shekaru da yanayin lafiya, a fara da waɗanda suka fi manyanta. Kada a tsaya ga shugabanni kawai. Ma'aji ya san shekarun da asusu ya bushe, alƙalin wasa ya san rigingimun da aka sha a fili, iyaye mata kuwa sau da yawa su ne suka san yaron da ya daina zuwa da dalilin dainawarsa. A ƙarshen kowace hira a tambayi mutum wa yake ganin ya kamata a je a gani, domin ta haka ne ake gano waɗanda kowa ya manta da su.

Babbar ƙungiyar wasannin gargajiya ta ƙasar Ailan, wato GAA, wadda aka kafa a 1884 kuma har yau kulob-kulob ɗinta na ƙauyuka da unguwanni suke tafiya da aikin sa-kai, ta yi irin wannan aiki a lokacin da take shirin cika shekara 125 a 2009. Ta sa an zagaya ana naɗar muryoyin mambobi, ba manyan 'yan wasa kaɗai ba, har da talakawan mambobi da magoya baya. Ƙaramar ƙungiya ba ta buƙatar kuɗi masu yawa kafin ta kwaikwayi wannan. Wayar hannu ta isa, muddin an kashe shigowar kira, an zauna a ɗakin da babu fanka mai ƙara ko talabijin, an kuma ajiye wayar kusa da mai magana. A farkon naɗin a faɗi sunan mai hira da na wanda ake hira da shi, da ranar da wurin, sannan a nemi ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda a naɗa kuma a yi amfani da maganarsa. Awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi ya wadatar, domin idan dattijo ya gaji sai ya fara taƙaita amsa, kuma komawa karo na biyu ya fi alheri, saboda a tsakanin ziyarar farko da ta biyu yakan tuno abubuwa da yawa.

Irin tambayar da aka yi ita ke kawo irin amsar da za a samu. Idan aka ce wa mutum ya ba da tarihin ƙungiya, jawabin da ya saba yi a wurin biki zai maimaita. Gara a tambaye shi ƙananan abubuwa: daga ina ƙwallon farko ya fito, wa yake ajiye raga bayan wasa, yaya aka yi ranar da mai fili ya ce a tashi, nawa yaro yake biya a wata kuma me ake yi wa wanda bai da halin biya. Ƙananan tambayoyi irin waɗannan su suke buɗe bakin mutum. Idan ya yi shiru, a bar shi ya yi tunani, kada a cike masa magana, kuma kada a gyara masa kuskure a lokacin da yake magana, ko da an san ya rikita shekara. A rubuta shakkar a gefe, a bincika daga baya.

Akwai dabarar da take taimakawa ƙwarai wajen gano shekaru. Mutane ba su cika riƙe lambar shekara ba, amma suna riƙe abin da ya faru a kusa da ita. Idan mutum ya ce an sayi rigunan farko tuntuni, a tambaye shi ko kafin gasar cin kofin duniya ta Amurka ne a 1994, ko bayan ta Faransa a 1998, ko kuwa a shekarar da aka yi ta a Afirka ta Kudu, wato 2010. Haka kuma aurensa, haihuwar ɗansa na fari, ko shekarar da ya kama aiki duk ma'auni ne da za a iya tabbatarwa. Sai an gama hira da kowa shi kaɗai sannan a tara su wuri ɗaya a baza musu hotuna, domin idan aka fara da taro, mai ƙarfin murya ne zai shimfiɗa labarin, sauran su bi shi da gyaɗa kai.

Takardu da hotuna

Takardun da suka fi daraja ba su da kyan gani. Littafin rajista wanda bangonsa ya yage, mai ɗauke da sunayen yara a jere da alamar biro a gaban wanda ya biya kuɗin wata, ya fi kowace takardar yabo bayani, domin daga shafukansa za a ga shekarar da yara suka ƙaru, da shekarar da suka ragu, da lokacin da rubutun hannu ya canza, wanda yake nuna an yi sabon sakatare. Bayan shi sai bayanan taro, kundin tsarin mulki da duk gyare-gyaren da aka yi masa, littafin ma'aji, rasit na sayen kaya, wasiƙun neman fili ko neman tallafi, jadawalin gasa, katunan 'yan wasa, da yankan jarida. Ana iya samun wasu a wajen ƙungiya: hukumar wasanni da aka yi rajista da ita, makarantar da aka ari filinta, ɗakin karatu mai ajiye tsofaffin jaridu, da ƙungiyoyin hamayya, waɗanda sau da yawa suke da hoton wasan da su suka ci.

Duk abin da aka aro a rubuta shi a littafi ɗaya, da sunan mai shi da ranar karɓa da ranar mayarwa, kuma a mayar a kan lokaci. Mutum ɗaya da aka ɓatar wa hoto ya isa ya sa sauran su rufe akwatunansu. Mafi kyau ma shi ne a je gidan mutum a ɗauki kwafi a gabansa a bar masa kayansa. Idan da na'urar sikanin, a ɗauki takardu a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci, hotuna kuma a 600, musamman ƙanana. Idan waya ce kawai, a shimfiɗa takardar kusa da taga inda haske yake shiga ba tare da rana ta bugi takardar ba, a kashe fitilar waya, a riƙe ta daidai saman takardar. A ɗauki bayan hoto kamar yadda aka ɗauki gabansa, domin hatimin mai hoto ko rubutun da ke baya yakan warware shekara. Rasit ɗin da ƙananan injuna suke bugawa a kan takarda mai santsi yana dusashewa cikin 'yan shekaru, don haka shi za a fara ɗauka.

Kada a lulluɓe tsohuwar takarda da roba mai zafi da nufin kare ta, domin ba a iya cire ta daga baya kuma tana lalata takardar. Kada a liƙa yage da salatif. A cire ƙarafan maƙala takarda da suka yi tsatsa da robar ɗauri, a ajiye komai a kwance cikin kwali, nesa da laima da ƙasa. Idan za a yi rubutu a bayan hoto, a yi da fensir mai laushi, a gefe, ba da biro ba.

Hoton ƙungiya ya cancanci a daɗe a kansa. A ɗauki misalin hoton da kusan kowace ƙungiya take da irinsa: yara a tsaye a baya, wasu a durƙushe a gaba, mai tsaron gida a tsakiya riƙe da ƙwallo, sannan a can gefe wani babba da rigar gida, rabin jikinsa ya fita daga hoton. Yawanci kowa zai iya kiran sunan yaron da ya shahara daga baya, amma sai an sha tambaya kafin a sami wanda ya san mutumin gefen, alhali mai yiwuwa shi ne ya yi shekara goma yana ɗauko ruwa da akwatin magani. A buga kwafin hoton a takarda, a sa lamba a kan kowane mutum, a rubuta sunaye a ƙasa tare da sunan wanda ya faɗe su. Inda mutum biyu suka saɓa a kan suna, a rubuta duka biyun.

Abin mamaki shi ne shekarun baya-bayan nan sun fi na da haɗarin ɓacewa. Sanarwar da a da ake rubutawa a takarda yanzu tana cikin zauren WhatsApp, hotuna suna shafin Facebook wanda mai yiwuwa mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrinsa, kuma waya ɗaya da ta faɗa ruwa tana iya tafiya da kakar wasa uku. A nemi masu hotuna su turo na asali a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage ingancin hoto. A fitar da kwafin hirar zauren a ajiye. Idan ƙungiya ta taɓa mallakar shafin intanet da ya mutu, a duba ma'ajiyar Internet Archive, wadda take adana kwafin shafuka tun 1996. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan taƙaitaccen bayani, ta yadda fayilolin za su jeru da kansu.

Tantance abin da aka tara

Tambayar da ta fi jawo gardama ita ce shekarar kafuwa, domin ƙungiyar sa-kai ba ta cika farawa a rana ɗaya ba. Akwai ranar da yara suka fara taruwa, da ranar da aka raɗa suna, da ranar wasan farko, da ranar da aka yi rajista da hukuma, kuma tsakaninsu ana iya samun shekaru. Ko Little League, ƙungiyar wasan besbol ta yara a Amurka, haka ta faro: Carl Stotz ya fara gwaji da 'ya'yan 'yan'uwansa da yaran unguwa a garin Williamsport a 1938, amma 1939 ake lissafawa, shekarar da ya samu 'yan kasuwa uku suka ɗauki nauyin ƙungiyoyi uku aka buga wasan farko ranar 6 ga Yuni. Abin da ya dace shi ne a kawo dukan ranakun, a faɗi wadda ƙungiya ta zaɓa da dalilin zaɓenta.

A yi jadawali na shekara-shekara, a gaban kowane batu a rubuta inda aka samo shi. Abin da takarda ta lokacin ta tabbatar ya fi ƙarfi, sai abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa, sai abin da mutum ɗaya ya faɗa, wanda za a iya sa shi a rubutu amma a jingina shi ga mai shi. Takarda ma tana kuskure, musamman yankan jarida, inda ake yawan ɓata sunaye, da takardun biki, inda ake ƙara gishiri.

A cikin jadawalin nan a ba canjin dokoki muhimmanci, domin a nan ne halin ƙungiya yake bayyana. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa ta Amurka, AYSO, wadda ta fara da ƙungiyoyi tara a yankin Los Angeles a 1964, an san ta da dokar cewa kowane yaro sai ya buga aƙalla rabin wasa. Ƙungiyar matasan Mathare a Nairobi, wadda Bob Munro ya kafa tare da matasan unguwar a 1987, ta shahara da bai wa ƙungiyoyi maki a teburin gasa idan sun yi aikin tsabtace unguwa, kuma a 1992 ta fara gasar 'yan mata. A Little League kuwa sai a 1974 aka yarda 'yan mata su buga, bayan shari'ar da ta biyo bayan cire wata yarinya, Maria Pepe, daga ƙungiyarta a 1972. Kowace ƙaramar ƙungiya tana da irin waɗannan ranaku nata: ranar da aka yanke cewa yaron da ba ya zuwa makaranta ba zai buga ba, ranar da aka yafe wa marayu kuɗin wata, ranar da aka raba yara bisa shekaru. A nemo wanda ya kawo shawarar, da wanda ya ƙi, da hujjar kowannensu.

Rigima da abin kunya

Babu ƙungiyar da ta daɗe ba ta ga rabuwar kai ba, kuma tarihin da ya tsallake wannan ba zai sami amincewar waɗanda suka shaida abin da idonsu ba. Stotz da kansa ya rabu da ƙungiyar da ya kafa a tsakiyar shekarun 1950, bayan saɓani da shugabanninta a kan yadda ake tafiyar da ita, har ta kai su kotu. A 2001 kuma an soke nasarorin wata ƙungiya daga New York a gasar duniya ta Little League bayan an gano wani ɗan wasanta ya wuce shekarun da doka ta yarda. Idan babbar ƙungiya tana ɗauke da irin wannan a tarihinta, ƙarama ba ta da dalilin ɓoye nata. Sai dai akwai ladabin rubuta shi. A ji ta bakin kowane ɓangare, a rubuta abin da ya faru da matakin da kwamiti ya ɗauka, a guji yanke hukunci a kan niyyar mutum. Zargin cin kuɗi da ba a tabbatar ba kada a maƙala shi ga sunan kowa. A batun rage shekaru kuwa, manya ne suke shirya takardu, don haka babu dalilin ambaton sunan yaron.

Wannan ya kawo mu ga haƙƙin yara gaba ɗaya. Takardun rajista suna ɗauke da ranar haihuwa, adireshi, lambar wayar iyaye, wani lokaci har da bayanin rashin lafiya. Ana amfani da su wajen ƙidaya da tantance shekaru, amma ba a wallafa su, kuma ba a sa kwafinsu inda kowa zai gani. Hoton yaron da har yanzu bai balaga ba sai da izinin iyayensa, wanda ya girma kuma a tambaye shi da kansa. Idan mutum ya ce a cire wani ɓangare na hirarsa, a cire.

Rubutawa da ajiyewa

Wajen rubutu, bin shekara ɗaya bayan ɗaya yana gajiyar da mai karatu. Ya fi kyau a raba tarihin bisa manyan sauye-sauye, kamar zamanin filin farko, zamanin da aka shiga gasar hukuma, da zamanin da yaran farko suka dawo a matsayin masu horarwa. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi ne babin da ya fi cancantar a faɗaɗa, domin dawowar tsofaffin yara ita ce take nuna ko aikin sa-kai ya yi saiwa. A bar mutane su yi magana da kalmominsu, a kawo su yadda suka faɗa. Jerin kofuna da sakamako a kai shi ƙarshen littafi, kuma kusa da shi a sa jerin duk wanda ya taɓa riƙe wani aiki, daga shugaba har mai kula da kaya, da shekarun da ya yi. Kafin a buga, a karanta wa waɗanda aka yi hira da su ɓangaren da ya shafe su, domin su gyara suna ko shekara, ba domin su sauya abin da ya faru ba.

Ba dole ne sakamakon ya zama littafi mai kauri ba. Ƙaramin littafi mai shafi talatin, ko allunan hotuna a ranar bikin cika shekara, ko jerin gajerun muryoyi, duk suna biyan buƙata, kuma ranar da aka nuna su a fili sai a ajiye mutum da littafi a gefe, domin a ranar ne baƙi suke gane fuskoki, wasu ma su koma gida su ɗauko hotunan da ba a san da su ba.

Fayilolin kwamfuta a yi musu kwafi uku, a ajiye su a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam, kamar ma'ajiyar intanet wadda aka buɗe da sunan ƙungiya, mutum biyu aƙalla suna riƙe da kalmar sirrinta. Idan akwai ɗakin karatu ko gidan adana kayan tarihi da zai karɓa, a kai masa kwafi ɗaya tare da takardar da ta fayyace abin da aka yarda a nuna wa jama'a. Sannan a shigar da muƙamin mai kula da tarihi cikin kundin tsarin mulki, a ɗora masa aiki ƙayyadadde: a ƙarshen kowace kakar wasa ya rubuta shafi ɗaya ko biyu na abin da ya gudana, ya ɗauki hoton kowace ƙungiya da sunaye a ƙasa, har da na manyan da suka yi hidima, ya kuma karɓi littafin sakatare da na ma'aji a duk lokacin da aka yi sabon zaɓe, kafin tsofaffin shugabanni su tafi da su gida.